Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Malaman Zane Na Jami'o'in Arewa: Ku Gwada Hannun Yaranmu

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Ranku ya daɗe, malamai, shugabannin sassan koyar da zane, da duk wanda ake jin maganarsa idan an zo ɗaukar ɗalibai. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni malamin labarin ƙasa ne a wata makarantar sakandare ta gwamnati. Na rubuto ne a madadin wasu yara da ke wucewa ta hannuna kowace shekara, yaran da Allah ya hore wa ido da hannu, suke kwana suna tashi da burin karanta zane a jami'a, alhali ba su taɓa zama a ajin zane na gaskiya ba. Roƙona shi ne ku samar musu hanyar shigowa wurinku, wadda za a fara auna abin da hannunsu ya iya kafin a nemi abin da takardarsu ta ƙunsa.

Kun fi ni sanin ƙa'idar. Abin da aka saba nema daga mai son digirin zane shi ne kiredit biyar, ciki har da Turanci da darasin zane, sannan ya sa zanen a cikin darussan da zai rubuta a jarrabawar JAMB. A takarda babu abin zargi. Mai son likitanci ana tambayarsa ilimin halittu, to don me mai son zane ba za a tambaye shi zane ba? Sai dai ku taka zuwa makarantun gwamnati na garuruwanmu da ƙauyukanmu ku gane wa idonku. A ƙaramar sakandare an cuɗa zane da kiɗa da wasan kwaikwayo a darasi guda, kuma sau da yawa wanda ake damƙa wa darasin shi ne malamin da aka ga yana da sarari a jadawali. Zai cika allo da rubutu, yara su kwafe ma'anar launi da rabe-rabensa, su haddace, su zuba a jarrabawa, yatsansu bai taɓa fenti ba. A babbar sakandare kuwa darasin na zaɓi ne, makarantar da ba ta da malaminsa ba ta ma yi wa ɗalibanta rajistarsa a WAEC ko NECO. Ƙarshenta sharaɗin nan ya koma yana tantance wace makaranta uban yaro ya iya biya masa. Wanda ya yi makarantar kuɗi mai ɗakin zane ya wuce, ko da hannunsa mai nauyi ne. Ɗan talaka ya tsaya a bakin ƙofa, ko da shi ne duk makaranta ke nema idan ana son taswirar Najeriya a bango, ko hoton zuciya da huhu na ɗakin kimiyya. Ni kaina ina cikin masu neman su. Taswirorin da nake koyarwa da su yara ne suka zana, kuma duk lokacin da ɗaya daga cikinsu ya tambaye ni inda ake karanta wannan abu, sai in faɗa masa, sannan in ga yadda fuskarsa ke sauyawa idan mun zo kan sharuɗɗa.

Cewa yaran nan ba su da horo kwata-kwata, ban yarda ba. Wanda ya tashi a makarantar allo ya riƙe alƙalamin kara tun kafin ya san fensir. Ya san yadda ake fiƙe shi, ya san kaurin tawada, ya san idan ya danna da ƙarfi baƙi zai kumbura ya lalace. In an zo sauka akwai gwanin da ake kai wa allo ya yi zayyana, kuma duk wanda ya taɓa zura wa allon zayyana ido ya san aiki ne na lissafi: a raba fili gida-gida, a daidaita dama da hagu, a zuba ja da kore da ruwan ɗorawa, kowane launi ya zauna a mazauninsa. Yarinyar da ta tashi a gidan da ake ɗinkin hula ta san bin zane da allura, ta san zaren da zai tashi a kan wane da wanda zai nutse. Mai zanen lalle kuwa tana aiki ne a kan fata mai lanƙwasa, mai motsi, da abin da ba ya gogewa idan ya kama, ga amarya a zaune, ga dangi suna jira. Wane malami ne zai dubi wannan hannu ya ce bai horu ba? Ku ƙara da masu fitar da zanen babbar riga, aska biyu da aska takwas, waɗanda ke zana shi da alƙalami da tawada a jikin yadi kafin mai ɗinki ya bi sawu. Ku ƙara da masu sassaƙa ƙwarya, da dukawa, da maginan da suka cika fuskar gidajen birnin Zariya da Kano da dagi da sauran ado, da masu fentin manyan motoci da allunan shaguna. Duk waɗannan suna da yaran da ke zaune a gefensu suna koyo, kuma da yawa daga cikin yaran suna zuwa boko da safe.

Bature ma ya ga darajar abin. David Heathcote, wanda ya koyar a Zariya, ya yi bincike mai zurfi a kan ɗinkin rigunan Hausawa, kuma a 1976 aka baje kolin fasahar Hausawa a birnin Landan bisa jagorancinsa. Masallacin Juma'a na Zariya da ɗaliban ilimin gine-gine ke nazari har yau, Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina shi a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, a ƙarni na 19. A hannun magabata ya koyi sana'arsa.

Tarihin fanninku ma yana tare da ni a wannan magana. Aina Onabolu, wanda ake ɗauka a matsayin uban zanen zamani a Najeriya, da kansa ya koya wa kansa, yana kwaikwayon hotunan da ya gani a littattafai da mujallu. Ya riga ya yi suna a Legas kafin ya tafi Landan da Paris a 1920, ya dawo a 1922 ya dage sai an sa zane a manhajar makarantu. Dagewarsa ce ta kawo Baturen malamin zane Kenneth Murray a 1927. Da a ce an tambayi Onabolu takardar shaidar zane kafin a bar shi ya koya, da babu wanda zai ba shi ita, domin a lokacin babu mai koyarwar.

Sashen zane na Zariya daga Ibadan aka dawo da shi a 1955, tun jami'ar tana kwaleji, kafin ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Abin da ya ɗaga sunansa a duniya shi ne ƙungiyar da ɗalibai suka kafa a 1958, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, waɗanda suka ce ba za su tsaya ga abin da malamansu Turawa ke koya musu kaɗai ba, za su haɗa shi da fasahar gidajensu. Uche Okeke, wanda ya yi ƙuruciyarsa a Kafanchan, ya koma wurin mahaifiyarsa ya ɗauko uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bangon ɗaki, ya gina aikinsa a kai, daga baya ya tafi da shi Jami'ar Nsukka ya zama salon zane mai mabiya da yawa. Ku dubi wannan da kyau, malamai. Abin da Okeke ya ɗauko wurin mahaifiyarsa ɗan'uwan lallen 'yan matanmu ne da zanen bangon maginanmu. Zariya ta ba Najeriya wannan darasi, amma a cikin sunayen nan da ake ambata babu Bahaushe, kuma har yau 'ya'yan masu zayyana da masu hular da ke zagaye da jami'ar ba su cika ɗakunan zanenta yadda ya kamata ba. Wannan yana ci mini rai.

Jami'ar Ahmadu Bello ɗin ce kuma a 1977 ta ba Ladi Kwali digirin girmamawa na dakta. Matar da ta koyi ginin tukunya a gida wurin danginta mata, ba ta yi boko ba, ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Bature Michael Cardew a Abujar da, wato Suleja ta yanzu, a 1954, ta zagaya Turai da Amurka tana nuna aikinta, ga ta nan yau a bayan naira ashirin. Jami'a ta yi daidai da ta girmama ta. Tambayata ita ce, idan mai irin baiwarta ta zo yau tana da shekara goma sha takwas, da kiredit ɗinta na Turanci da sauran darussa amma babu na zane, ta wace ƙofa za ta shiga?

Ba zan ɓoye muku raunin yaran ba, domin idan na ɓoye ku ne za ku fara gani. Mafi yawansu hoto suke kwafa. Yaro zai buɗe waya ya samo hoton wani sarki ko ɗan wasa, ya ja layuka gida-gida a takarda, ya bi a hankali da fensir da audugar goge kunne har ya fitar da ƙyallin ido da ɗigon gumi, ya ɗora a Facebook ko TikTok, yabo ya yi ta zuba. Ka ajiye masa buta da kujera a gabansa ka ce ya zana, sai ka ga ƙafar kujera ta karkace, bakin buta ya baje. Bai san yadda hanya ke tsukewa idan ta yi nisa ba, bai san inda inuwa ke faɗuwa idan haske ya zo ta taga ba, bai san yadda ake auna tsawon jikin mutum da tsawon kansa ba. Masu zayyana da lalle kuma sun saba da shimfiɗaɗɗen fili, ba su saba fitar da tudu da kwari a takarda ba. Tarihin fasaha kuwa, ko sunan Onabolu ba su taɓa ji ba. Wasu ma yabon abokai ya sa sun ɗauka sun gama koyo, kuma wannan ya fi komai haɗari a gare su. To amma duk abin da na lissafa aikinku ne, kun iya koyar da shi, kuma shekara guda ta aiki tuƙuru tana gyara mafi yawansa. Abin da yake da wuyar dasawa shi ne haƙurin zama tun hantsi har la'asar a kan takarda ɗaya ba wanda ya sa ka, da idon da ba ya wuce abu sai ya tsaya ya duba yadda aka yi shi. Wannan kuwa da shi suke zuwa.

Ga abin da nake roƙo. Ku ware rana guda kowace shekara ta gwajin hannu, a buɗe ta ga duk wanda ya cika sauran sharuɗɗan shiga jami'a, yana da kiredit ɗin zane ko ba shi da shi. Kowa ya zo da abin da ya taɓa yi: littafin zanensa, allon da ya yi wa zayyana, hular da ta ɗinka, hotunan lallen da ta zana, allon shagon da ya rubuta. Sannan a shigar da su ɗaki, a ba kowa takarda da fensir iri ɗaya, a ajiye tulu da naɗaɗɗiyar tabarma da keke a tsakiya, a ba su awa uku. A wannan zamani da kowa ke kuka da satar amsa, ga jarrabawar da ba a iya sata. Babu wanda zai zana maka kana zaune a gaban malami, kuma ƙwararre a cikinku kallo ɗaya zai yi wa takarda ya gane wanda ke duban tulun da wanda ke zana tulun da ke cikin kansa. Bayan nan a zauna da kowane yaro na 'yan mintuna, a tambaye shi dalilin da ya sa ya yi abin da ya yi, in Turanci ya gagare shi a bar shi ya faɗa da Hausa.

Waɗanda suka yi fice amma ba su da kiredit ɗin, ku ba su shekarar share fage. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Jami'ar Ahmadu Bello tana da makarantar share fage a Funtuwa, wasu jami'o'in ma suna da irinta, an kuma yi su ne domin an san makarantun sakandarenmu ba su kai ɗaya ba. In an yi wa mai son kimiyya wannan gata, mai son zane ma ya cancanta. A Ingila an daɗe ana yin shekara guda ta share fagen zane da ƙira kafin digiri, kuma tarin ayyukan ɗalibi ne babban abin dubawa wajen ɗauka. A Jamus makarantun fasaha suna iya ɗaukar wanda ba shi da takardar kammala sakandaren da ake nema, idan aikinsa ya nuna baiwa ta musamman. Kowace jami'a a nan ma tana da damar sanar da JAMB sassaucin da ta amince da shi a kowane kwas, ana kuma buga shi a littafin sharuɗɗa. Ashe maganar tana iya tasowa daga teburin taron sashenku, ta wuce majalisar jami'a, ta zama doka. In kuwa an ga lallai sai da kiredit ɗin, to a shirya su a cikin wannan shekara su rubuta shi.

Shekarar ta zama ta zane zalla, kullum, daga abin da ido ke gani. A fitar da su kasuwa da tasha da karofi su zana mutane suna aiki, a hana su waya har sai idonsu ya buɗe. Tsadar kaya kada ta zama dalili a wannan mataki. Gawayi da takardar buhun siminti sun isa a koyi haske da inuwa, ga jar ƙasa da farar ƙasa da baba da makuba da kakanninmu suka yi aiki da su. Kuma ina roƙon a riƙa gayyato gwanayen gari, mai zayyana da magini da baduku, su shigo aji su nuna, a biya su yadda ake biyan malami baƙo. Ɗalibin da ya fito daga makarantar kuɗi zai ƙaru da su fiye da kowa, shi kuma ɗan gidan sana'a zai ga an zaunar da irin ubansa a kujerar malami, ya daina jin kunyar abin da ya zo da shi.

Wani zai ce ai akwai hanya: yaro ya tafi kwalejin ilimi ya yi NCE, ko kwalejin kimiyya da fasaha ya yi difloma, sannan ya shigo jami'a a aji biyu. Gaskiya ne, hanya ce mai kyau, ta fitar da mutane da yawa. Amma shekara uku ta NCE da wasu uku na digiri ba ƙaramin nauyi ba ne a kan uban da ke sayar da hatsin gidansa ya biya kuɗin makaranta. Ga 'ya mace kuwa, kun san shekara nawa iyaye ke iya jira. Wani kuma zai ce darajar digirin za ta faɗi. Ni a ganina tashi za ta yi, domin yanzu kuna zaɓe ne daga cikin 'yan tsirarun da makarantarsu ke da malamin zane, alhali gwajin hannu zai kawo muku gwanayen jiha guda ku zaɓa.

Akwai wani shingen da ba a rubuta a takarda ba, kuma in ba a taɓo shi ba duk abin da na faɗa ba zai yi nisa ba. Iyaye da yawa suna tsoron zane saboda addini. Hadisan da suka yi gargaɗi a kan yin surar mai rai sanannu ne, malaman Musulunci kuma sun daɗe suna bayani a kansu, suna bambanta mutum-mutumi da zanen takarda, suna bambanta mai rai da bishiya da gini, wasu sun tsananta wasu sun sassauta. Uban da ya ji tsoro a kan wannan ba jahili ba ne, yana kiyaye abin da ya fi ƙarfin digiri a wurinsa, kuma bai kamata a yi masa kallon raini ba. Sun kuma ji labarin cewa a makarantun Turai ana zana mutum tsirara, suna zaton haka ake yi ko'ina. Ku fito ku faɗa musu abin da ake yi a ɗakunanku. Ku shiga gidajen rediyo da Hausa ku bayyana cewa a Zariya, kusa da sashen zane akwai na ƙirar masana'antu, inda ake koyon tangaran da adon yadi da zanen ɗab'i. Ɗalibin da zuciyarsa ba ta kwanta da sassaƙa mutum ba, a nuna masa fannin da zai bi ya kai ga digirinsa ba tare da an mai da shi abin dariya ba. Al'ummar da ta ƙawata Alƙur'ani da zayyana, ta ƙawata masallaci da ginin bakan gizo, ba za a ce ba ta son fasaha ba.

Sai tambayar da kowane uba ke yi: me zai ci da zane? Ku ne ya kamata ku amsa, domin kun san inda tsofaffin ɗalibanku suke. Ni dai abin da nake gani shi ne littattafan firamare da yaranmu ke karantawa cike da hotunan gidaje da tufafin da ba su yi kama da nasu ba. Ina ganin maɗaba'o'i da kamfanonin talla da masu shirya fim a Kano suna neman mai tsara bango da fosta da tambari, ina ganin masu wayar da kai a kan rigakafi da tsabta suna buƙatar hoton da matar ƙauye za ta gane ba sai an karanta mata ba. Wannan aiki wanda ya tashi a cikin mutanen ne zai fi iya shi. Sannan makarantun nan namu da ba su da malamin zane, daga ina malamin zai fito in ba daga cikin yaran nan ba? Kowane ɗaya da kuka ɗauka ya gama ya dawo, makaranta guda ta samu wanda zai yi wa ɗalibanta rajistar darasin.

Ban ce ku buɗe ƙofa gaba ɗaya a shekarar farko ba. Ku fara da 'yan gurabe kaɗan a ɗauka mai zuwa, ku bi sawun waɗanda kuka ɗauka har su gama, ku gwada sakamakonsu da na sauran. Ku aika da sanarwar ranar gwajin zuwa ma'aikatun ilimi da shugabannin makarantu da wuri, a kuma faɗe ta a rediyo, domin yaran da nake magana a kansu ba sa duba shafin jami'a a intanet. Mu malaman sakandare mun san su da sunayensu da gidajensu. In kun sa rana, za mu je mu roƙi iyayensu, mu haɗa kuɗin mota, mu rako su har ƙofar sashenku.

Allah ya ƙara muku ilimi da lafiya, ya sa albarka a aikinku.

Wassalam,
Naku, malamin labarin ƙasa a wata makarantar sakandare ta gwamnati.